Miya Ta Ji Mai, Zuciya Fa?

Duk wanda ya san Yawunde ya san cewa idan aka ambaci Briqueterie, ko Brik kamar yadda muke gajarce sunan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne nama. Daga magariba zuwa tsakar dare hayaƙin tukuba ke tashi tun daga bakin hanyar Tsinga har cikin lungunanmu, ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da baƙi daga Duwala suna layi don tsire, wanda maƙwabtanmu ke kira soya, da kilishi da balangu. Wannan sana'a ita ta gina gidaje da dama a unguwar nan, ita ke biyan kuɗin makarantar yara da yawa daga cikin waɗanda nake koyarwa, ita kuma ta kai iyayenmu Makka. Saboda haka ina roƙon mahauta da masu tukuba da iyayenmu mata masu ƙosai da fanke su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, domin ban ɗauko alƙalami don in kashe wa kowa kasuwa ba. Gyara kayanka, in ji masu iya magana, bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya sa na ga ya wajaba in yi wannan rubutu shi ne rajistar aji. A farkon kowace shekarar karatu malami yakan rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da sana'arsa. To, shekara ashirin ke nan ina wannan aiki, kuma na lura kalmar "marigayi" sai ƙara yawa take yi a gefen sunayen iyaye maza, alhali galibinsu ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne 'yan shekara arba'in da biyar zuwa hamsin da biyar, wato sa'o'ina da yayyena. Idan ka tambayi yaro sai ya ce, "Malam, a shago ya faɗi," ko ya ce, "Lafiya lau ya kwanta." Wani kuma yana raye amma ɓarin jiki ya shanye, uwar yaran ce ke fafutukar ciyar da gida. A wurin zaman makoki sai ka ji ana raɗa cewa iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Rai dai a hannun Allah yake, babu mai musun wannan. Amma a asibiti waɗannan abubuwa suna da sunaye: hawan jini, ciwon sukari, toshewar jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. Kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suke biyowa su shigo mana gida ita ce ta kwalbar mai da ke madafa.

Mu Hausawa ko a harshenmu mun ɗaukaka maiƙo. Idan mutum ya ruɗu da abin banza sai mu ce kallon kitse yake yi wa rogo, wato kitse shi ne abin so. Yabon miya shi ne a ce ta ji mai. Babban baƙo tozo ake yanka masa. Namiji ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, mace ta yi ƙiba sai a ce mijinta ya iya kiwo. Ba banza aka yi haka ba, domin a zamanin da mai ke wuyar samu, wanda ya same shi lallai ya sami ƙarfi. Jiki kuwa yana bukatar mai, da shi yake gina ƙwayoyinsa, da shi yake iya shan bitamin A da D da E da K daga abinci. Tambayar dai ita ce: wane irin mai, kuma nawa, kuma sau nawa ya hau wuta?

Bari mu fara da iri. Mai karatu, a wata safiya mai sanyi ta watan Agusta jera man shanu da kitsen rago da manja da man gyaɗa a kan tebur, ka duba. Man shanu da kitse za ka same su a daskare, manja rabi a daskare rabi ruwa, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa tsululu. Wannan bambanci da ido ke gani shi ne masana suka auna. Akwai nau'in maiƙo mai daskarewa, akwai marar daskarewa, kuma kowane mai gauraye ne na biyun. A man shanu mai daskarewar ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. A kitsen saniya da manja wajen rabi ne. A man alayyadi, wanda ake kira manyanga a nan kudu, ya kai kashi 80. A man auduga, irin Diamaor da kamfanin SODECOTON ke tacewa a arewa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. A man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba.

To, mene ne ruwan zuciya da daskarewar mai? Akwai wani maiƙo da ke yawo cikin jini da ake kira kolestarol, kuma hanta ce ke da aikin tsince nau'insa mai cutarwa, wanda likitoci ke rubutawa LDL a takardar gwaji. Idan mutum ya yawaita cin mai mai daskarewa, sai hanta ta rage wannan tsinta, LDL ya taru cikin jini. Daga nan sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiya yana maƙalewa. Da yawa daga cikinmu muna zaton abin kamar kwata ne da shara ta toshe. Ya fi haka haɗari. Jiki yana ɗaukar wannan maiƙo da ya maƙale a matsayin baƙon abu, sai ya tura masa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojinsa. Su zo su haɗiye maiƙon, su mutu a wurin, wasu su biyo baya. Sannu a hankali sai wurin ya zama kamar maruru a cikin bangon jijiya. Kowa ya san yadda maruru yake a fata: ja, zafi, kumburi. Wannan na ciki shi ma kumburi ne, sai dai ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, yana iya yin shekara ashirin mai shi yana harkokinsa. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya cikin 'yan mintuna. In jijiyar zuciya ce, shi ne a ce mutum ya faɗi a shago. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Wannan bayani ba daga kaina na ƙago shi ba. A 1999 wani masani a Amurka mai suna Russell Ross ya tattara hujjojin da ke nuna cewa toshewar jijiya cutar kumburi ce. A 2017 kuma likita Paul Ridker da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mutane fiye da 10,000 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. Sun ba wasu daga cikinsu maganin da ke kwantar da kumburi kawai, ba ya taɓa kolestarol, sai aka ga sake aukuwar bugun zuciya da makamantansa ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100. Ashe ke nan maiƙon jini da kumburi tare suke aikin ɓarna, ɗaya ya kunna wuta ɗaya ya hura ta.

Sai maganar tumbi, abin alfaharinmu. Da ana ɗaukar kitsen ciki a matsayin rumbu kawai, inda jiki ke ajiyar rarar abinci. A 1993 Gökhan Hotamisligil da malaminsa Bruce Spiegelman a Jami'ar Harvard suka nuna cewa kitsen da ya yi yawa yana fitar da sinadaran kumburi da kansa, kuma waɗannan sinadarai suna hana insulin aiki. Insulin shi ne makullin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In makulli ya daina kama ƙofa, sai sukari ya yi ta taruwa cikin jini, shi kuma ya ƙara cinye bangon jijiya, ya taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga tumbi da hawan jini da ciwon sukari a jikin mutum guda, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Kuma mai shi ne ya fi kowane abinci saurin tara kitse, domin giram ɗaya nasa yana ɗauke da kalori 9, alhali na tuwo ko na tsokar nama ba ya wuce 4 ko da babu ruwa a cikinsa.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A nan maƙwabtanmu, unguwar Cité Verte, Farfesa Jean Claude Mbanya na Jami'ar Yawunde da abokan aikinsa suka auna mutane a 1994, suka kwatanta su da mutanen ƙauyukan Evodoula. Sun sami ƙiba da ciwon sukari sun fi yawa a birni. Da aka sake irin wannan awo a 2003 sai aka ga hawan jini ya ƙaru ƙwarai, a birni da ƙauye baki ɗaya. Wannan farfesa shi ne ya zama shugaban ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya a 2009. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa, balle Cité Verte da ƙafa ma muna zuwa.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini. Wani dattijo da nake girmamawa, abokin mahaifina, ya taɓa tare ni bayan sallar La'asar ya ce, "Malam, ku 'yan boko kun cika tsoro. Kakanka da man shanu ya rayu, ya haura tamanin yana tafiya masallaci da ƙafarsa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma a tuna mini, da me yake zuwa Yawunde?" Ya yi dariya ya ce, "Da ƙafa mana, bayan shanu." Ai kuwa nan maganar take. Kafin jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974, kakannin da yawa daga cikinmu korar shanu suke yi daga Adamawa zuwa nan, tafiyar ɗaruruwan kilomita, makonni a hanya, abincinsu fura da nono da ɗan abin da ya samu. Nama sai ranar kasuwa ko ranar salla. Wani bincike da Robert Glew da abokan aikinsa suka buga a 2001 kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos ya tabbatar da haka. Sun tarar kusan rabin ƙarfin da makiyayan ke samu daga maiƙo yake fitowa, amma jininsu bai nuna haɗarin ciwon zuciya ba. Masu binciken sun danganta hakan da cewa mutanen ba su da ƙiba, jimillar abincinsu kaɗan ce, kuma wuni suke a tsaye suna aikin ƙarfi. Mu kuwa mun riƙe cimar makiyayi mun yar da sandarsa. Daga gida sai babur, daga babur sai benci a shago ko kujera a ofis, ga shayi mai kauri da burodi da safe, ga soye-soye da rana, ga tsire da dare. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu zomon muke ci kullum, gudun kuwa mun bar wa kakanni.

Manja ma sai a yi masa adalci. Mu da muke zaune a kudu mun koyi cinsa wajen maƙwabtanmu, a koki da eru da sauransu, kuma shi ne ya fi araha a kasuwar Mokolo. Jan nan nasa alheri ne, domin daga shi jiki ke yin bitamin A mai kare idon yara. Amma sai ka ga an ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari kafin a zuba albasa. Wannan ƙona shi da ake yi yana kashe jan da amfaninsa, ya bar mana maiƙon kawai. Shi kuwa farin mai na kwalba da aka tace a masana'anta, wanda doka ta tilasta ƙara masa bitamin A a Kamaru tun 2011, yawancinsa daga manja aka tace shi, don haka ba a rasa maiƙo mai daskarewa a cikinsa da dama. Farin launi ba shi ke nuna sauƙin mai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kaskon suya. Mai ya yi tsada, mai sana'a kuma ba za ta iya zubar da shi kullum ba, sai ta riƙa ƙara sabo a kan tsoho har ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa. Duk lokacin da mai ya hau wuta mai tsanani ya sauka, yana lalacewa, yana haifar da sinadarai masu cutar da bangon jijiya. A gidajenmu ma haka ake yi, musamman da azumi, man da aka soya kifi jiya shi zai soya ƙosai yau ya soya dankali gobe. Akwai kuma wani maiƙo da ake daskarar da shi da gangan a masana'anta don ya daɗe bai lalace ba, wanda akan samu a wasu nau'o'in bota ta gwangwani da biskit da kek. Shi ne mafi sharri, domin yana ɗaga kolestarol mai cutarwa, ya sauke mai amfani, ya ƙara kumburi. Ƙasar Denmak ce ta fara taka masa burki a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abinci gaba ɗaya, Nijeriya kuma ta kafa dokar taƙaita shi a 2023.

Kwanan baya saƙonni sun yi ta yawo a WhatsApp cewa man gyaɗa da na auduga da na waken soya su ne ke kawo kumburi, wai a koma ga kitse da man shanu zalla. 'Yan'uwa, a yi hattara. Gwaje-gwajen da aka yi da mutane ba su nuna cewa waɗannan mayuka suna ƙara kumburi ba, abin da suka nuna shi ne suna sauke LDL idan suka maye gurbin mai mai daskarewa. Misali mafi girma shi ne na lardin Karelia ta Arewa a ƙasar Finlan, inda manoma da masu saran itace ke cin bota da madara mai kauri, maza kuma suna mutuwa da ƙuruciyarsu. A 1972 wani matashin likita, Pekka Puska, ya jagoranci shirin da ya bi gida-gida da kantuna da ƙungiyoyin mata, aka koma ga man tsirrai, aka rage gishiri da taba. Cikin shekara arba'in mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A Sifen kuma an gwada mutane 7,447, aka ƙara wa wasu man zaitun, wasu 'ya'yan itatuwa masu maiƙo dangin gyaɗa, sai aka ga bugun zuciya da shanyewar jiki sun ragu musu da wajen kashi 30 cikin 100 a kan waɗanda aka ce su rage mai kawai. Darasin a nan shi ne musanya. Wanda ya bar mai ya cike gurbinsa da sukari da farin burodi da lemon kwalba bai tsira ba, ya gudu ne bai wuce ba.

Tunda malamin makaranta ne ni, bari mu yi ɗan lissafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ita ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin babban mutum, mai daskarewar kuma kada ya wuce kashi 10. Ga mai cin kalori 2,000 a yini, wannan na nufin giram 67 na maiƙo baki ɗaya, giram 22 na mai daskarewa. Babban cokali ɗaya na mai wajen giram 14 ne. Ke nan cokali uku na manja sun kusa cinye rabon mai daskarewar na yini guda. Yanzu a ɗauka gida mai mutum takwas yana ƙarar da lita ɗaya cikin kwana biyu. Lita wajen giram 920 ce, a raba biyu, a raba takwas, kowa ya tashi da giram 57, wato cokali huɗu, tun ba a lissafa fanken safe da kitsen tsiren dare ba. Na taɓa ba 'yan ajina wannan lissafi a matsayin aikin gida, kowa ya tambayi mahaifiyarsa kwana nawa lita ke yi musu. Washegari wata yarinya ta ce, "Malam, Inna ta ce a gaya maka in ka rage mata mai, kai za ka zo ka yi wa Baba bayani." Aji ya fashe da dariya, amma Innar ta faɗi gaskiya. Mace ba ta isa ta rage mai ba muddin maigida zai ture kwano ya ce miya ta yi lami. Gyaran daga mu maza zai fara.

A gidana ga abin da muka daidaita a kai da uwargida, kuma bai ƙara mana ko dala a cefane ba. Da cokali ake auna mai, an daina tuttulawa daga kwalba. Manja yana shiga miya da jansa. Man shanu ɗan ɗigo ne a kan tuwo don ƙamshi. Man suya in ya yi duhu an sallame shi. Sau biyu a mako muna cin kifi, makero ko sardin, domin man kifi yana da abin da ake kira omega-3 wanda jiki ke amfani da shi wajen kwantar da kumburi. Wake da zogale da kuɓewa da ganye sun ƙaru, gyaɗa da riɗi da agushi suna nan, in lokacin fiya da safu ya zo kuwa Allah ya hore mana su da araha, kuma maiƙon fiya irin na zaitun ne. Tsire ban bar shi ba, sai dai nakan ce wa mai tukuba, "Maigida, tsoka zalla, a rage kitsen, kada a yayyafa mai." Bai taɓa ɓata rai ba, har ma ya ce masu neman haka suna ƙaruwa. Makaranta kuma da ƙafa nake zuwa in dawo.

Daga ƙarshe ina kira ga duk wanda ya kai shekara arba'in, mace ko namiji, ya je a auna masa jini da sukari ko da sau ɗaya a shekara, in da hali har da kolestarol. Ya kuma karɓi tef ɗin tela ya auna cikinsa daidai cibiya. In awon ya wuce rabin tsawonsa, to lokacin gyara ya yi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya gyara abinci, biyun tare suke tafiya. Ina roƙon limamanmu da shugabannin mahauta da ƙungiyoyin mata na Brik da Tsinga su sa wannan magana cikin abin da ake tattaunawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da ke gabana a aji suna bukatar iyayen da za su ga ƙarshen karatunsu, su kuma ga aurensu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya albarkaci sana'o'inmu, ya ba mu ikon gyarawa. Amin.